Yadda ake ƙirga kwana 90 na Turai idan kana da gidan hutu a can, kar kwanakinka su ƙare ba ka sani ba

Kwanakin baya mun je suna a Manchesta, ana zaune ana cin tuwo sai hira ta biyo ta kan wani yayanmu da ya yi ritaya ya sayi ɗan fulat a kudancin Sifaniya, wajajen Malaga, saboda sanyin Ingila ya fara taɓa masa gwiwa. Yake cewa shi bana da an shiga Oktoba zai tattara ya tafi sai bayan azumi, kusan wata shida kenan. Na ce Yaya da wace takardar? Ya kalle ni kamar na zage shi, ya ce fasfon Birtaniya gare ni, gidan da kuɗina na saya, duk shekara ina biya musu haraji, wa zai kore ni daga gidana? Toh gaskiya babu wanda zai zo ya buga masa ƙofa ya ce fito, amma ranar da zai dawo a filin jirgi ne za a yi ta, don takardar gida daban izinin zama daban, kuma a wajen jami'in shige da fice wanda ya sayi gida da wanda ya kama otal na kwana uku duk baƙi ne, kwanakinsu ɗaya.

Ba laifinsa ba ne sosai, a da haka abin yake. Lokacin da Birtaniya ke cikin Tarayyar Turai mai fasfonta zai iya zama a Sifaniya ko Faransa kusan yadda ya ga dama, amma daga 1 ga Janairun 2021, bayan ficewarta ta kammala, sai ɗan Birtaniya ya koma sahun ɗan Amurka da ɗan Kanada, wato ka shiga ba biza amma kwana 90 kacal a cikin kowane kwana 180. Kuma kar mai koren fasfo ya ce bai shafe shi ba, idan an ba ka bizar Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da suka cire binciken boda a tsakaninsu, mai shiga da fita ta shekara ɗaya ko biyu ko biyar, wannan shekarun ba na zama ba ne, tsawon lokacin da bizar za ta yi aiki ne kawai, dokar 90 cikin 180 tana kanka kai ma, kai wani lokacin ma kwanakin da aka rubuta a jikin bizar ba su kai 90 ba, ka duba da kyau.

Mataki na farko, ka san ƙasashen da ake haɗa wa lissafi

Nan mutane suke fara ɓata. Ba kwana 90 a Sifaniya sannan wani 90 a Faransa ba ne, duk yankin Shengen tukunya ɗaya ce, ƙasashe 29 ne yanzu. Sifaniya, Fotugal, Faransa, Italiya, Jamus, Girka, Beljiyam, Holan da sauransu, har da waɗanda ba sa cikin Tarayyar Turai ma amma suna cikin Shengen, irin su Siwizalan da Nowe da Iceland. Kuroshiya ta shiga a Janairun 2023, Romaniya da Bulgeriya sun shiga gaba ɗaya a Janairun 2025, saboda haka tsohuwar dabarar nan ta a tsallaka Bulgeriya a jira kwanaki su dawo ta mutu. Tsibiran Kanari na Sifaniya ne, suna ciki duk da cewa a taswira sun fi kusa da Maroko. Waɗanda ba sa ciki su ne kamar Ireland, Turkiyya, Maroko, da ita Birtaniya kanta, kowacce da nata dokar.

Ma'ana idan ka je taron aiki na kwana huɗu a Barlin, ka je bikin ɗan abokinka a birnin Brussels na Beljiyam na kwana uku, ka kai yara Faris suka yi kwana biyar, duk an zare su daga 90 ɗin da kake tanadi don gidanka na bakin teku. Masu tuƙa mota daga Ingila su lura, a Dover ko Folkestone jami'an Faransa suke duba fasfo tun kafin a tsallaka ruwa, daga ranar lissafi ya fara, kwana biyu ko uku da za ka yi kana ratsa Faransa kafin ka isa gidan duk a ciki suke, haka ma na dawowa.

Mataki na biyu, ka tabbatar dokar ta hau kanka

Kafin ka wahalar da kanka da lissafi ka duba ko kana cikin waɗanda aka ɗauke wa. Idan kana da fasfon wata ƙasar Tarayyar Turai, har da na Ireland, wannan dokar ba taka ba ce, sai dai ka tabbata da shi kake shiga da fita. Idan kana da katin zama na wata ƙasar Shengen, kwanakin da ka yi a ƙasar da ta ba ka katin ba a ƙirga su, sai waɗanda ka yi a sauran. Idan matarka ko mijinki ɗan Tarayyar Turai ne kuma tare kuke tafiya, akwai sassauci a dokar walwalar 'yan Tarayyar, amma ka riƙe takardar aure a hannu don ba kowane jami'i ne zai yarda da maganar baki ba.

Sai wani abu da yake rikita masu gida a Sifaniya musamman, wato lambar NIE. Ba yadda za a yi ka sayi gida a can ba tare da ita ba, da ita za ka buɗe akawun ɗin banki ka biya haraji ka sa wuta da ruwa, shi yasa wasu suke ɗauka iƙama ce. Ba iƙama ba ce, lamba ce kawai ta gane baƙo, ba ta ƙara maka ko kwana ɗaya. Shi yayan namu ma ita ya zaro daga walat yana nuna mana. Haka biyan harajin gida na ƙaramar hukuma da harajin shekara da masu gida waɗanda ba mazauna ba suke biya, wajibi ne a kanka amma ba ya sayen kwanaki.

Mataki na uku, lissafin kansa

Wannan ne zuciyar maganar don haka bari in ɗan ja ta. Kwana 180 ɗin nan ba a tsaye yake ba, ba wai Janairu zuwa Yuni sannan Yuli zuwa Disamba ba ne, kullum matsawa yake. Duk ranar da ka wayi gari a cikin Shengen, ka waiwaya baya kwana 180 har da ranar da kake ciki, ka ƙirga nawa ka yi a yankin, idan sun wuce 90 ka karya doka a ranar. Ka ɗauke shi kamar bashi, duk kwanan da ka ci sai ya cika kwana 180 cif kafin a yafe maka shi ya dawo aljihunka, kuma ɗaya bayan ɗaya suke dawowa yadda ka ci su, ba a dunƙule ba.

Ƙa'idoji biyu da ake mantawa. Ranar shiga kwana guda ce ko da ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare jirginka ya sauka, ranar fita ma kwana guda ce ko da asuba ka tashi. Sannan kwana 90 ba wata uku ba ne. Wanda ya shiga 1 ga Yuni ya ce zai fita 31 ga Agusta ya yi kwana 92, ya zarce da biyu, kwanansa na 90 ya faɗa ne a 29 ga Agusta. Wannan kuskuren wallahi ya fi kowanne yawa saboda mutum a ransa wata uku yake ƙirgawa.

Idan zaman dunƙule za ka yi abin da sauƙi, ka shiga 1 ga Janairu a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28, kwananka na 90 shi ne 31 ga Maris, ka fita, ka yi kwana 90 a waje, 30 ga Yuni za ka iya dawowa ka sake yin wani 90. Kuma dan Allah a daina yarda da maganar nan ta a hau jirgin ruwa daga Tarifa ta Sifaniya a tsallaka Tanja ta Maroko a sha shayi a dawo wai an sake sabon lissafi, ba a sake komai ba, kwanakin da ka kwana a Maroko cikakku kawai ba a ƙirga ba, ranar tafiya da ranar dawowa ma an ƙirga su.

Inda abin yake da daɗi shi ne zaman gutsi-gutsi, ga misali ka bi shi da biro. A ce ka shiga 1 ga Maris ka fita 9 ga Afrilu, kwana 40 kenan. Ka sake shiga 1 ga Yuni ka fita 10 ga Yuli, wani 40 ɗin, jimla 80. Yanzu yara sun sami hutu kana so ku koma 1 ga Agusta. Idan ka waiwaya kwana 180 daga 1 ga Agusta za ka sauka a 3 ga Fabrairu, wato duk 80 ɗin nan suna cikin lissafi, saura 10 gare ka, dole ka fita 10 ga Agusta. Amma da za ka yi haƙuri ka ɗaga tafiyar zuwa 18 ga Agusta, sai ka ci goman nan daga 18 zuwa 27, ranar 28 ga Agusta kuma ita ce ranar da 1 ga Maris ke fita daga lissafi, daga nan kullum ka ci kwana ɗaya wani tsohon kwana ɗaya na faɗuwa, haka za ka yi ta tafiya a kan 90 daidai har kwanakin Maris da Afrilu su ƙare, wato har 6 ga Oktoba. Ka ga jinkirin kwana 17 ya mayar da zaman kwana 10 ya zama na kwana 50. Shi yasa nake cewa a yi lissafi kafin a sayi tikiti, ba bayan an saya ba.

Kar ka dogara da ƙwaƙwalwarka. Hukumar Tarayyar Turai tana da kalkuleta na kyauta a shafinta na intanet da aka yi don wannan lissafin, ka zuba ranakun shiga da fita ka sa ranar da kake so ka duba ta faɗa maka. Akwai manhajojin waya ma da yawa, amma ni na fi son in gwada da na hukuma in kuma rubuta a takarda. Kowa a gidan da nasa lissafin, idan Hajiya ta je Italiya sayayya da ƙawayenta na mako guda kai ba ka je ba, to kwanakinku sun bambanta, kar a yi musu kuɗin goro.

Shawarata kuma kar ka taɓa cinye 90 ɗin tas, ka tsaya a 83 ko 85. Gida ba otal ba ne, fanfo zai fashe maƙwabcin ƙasa ya kira ka ruwa na zuba masa, ko ɓarayi su shiga 'yan sanda su ce sai mai gida ya zo, ko yajin aikin masu kula da zirga-zirgar jirage a Faransa ya sa a soke jirginka, wanda ba baƙon abu ba ne. Idan ba ka bar ko kwana biyar a ajiye ba, kana ji kana gani gidanka zai gagare ka shiga.

Mataki na huɗu, fasfo da abin da za ka tarar a boda

Fasfonka dole ya kasance an bayar da shi ƙasa da shekara 10 kafin ranar da za ka shiga, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fita. Masu tsohon fasfon Birtaniya su duba ranar bayarwa ba ranar ƙarewa kaɗai ba, saboda a da ana ƙara wa mutum watannin da suka rage a tsohon fasfonsa, sai ka ga fasfo mai shekara 10 da 'yan watanni, mutane da dama an hana su hawa jirgi a kan wannan. Jami'i na da ikon tambayarka tikitin komawa, inda za ka sauka, da shaidar kuɗin da za ka ci, nan ne kaɗai takardar gidan ke da amfani, ka ajiye kwafinta a waya.

A da hatimi ake bugawa a fasfo, wani jami'in ma ko kallon shafukan ba ya yi, wani ya manta bai buga na fita ba, mutane suka saba da sakaci. Wannan zamanin ya wuce. Daga 12 ga Oktoban 2025 aka fara aiki da tsarin EES, inda ake ɗaukar hoton fuskarka da zanen yatsu, yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ɗaukar yatsunsu, kwamfuta ce take rubuta ranar shigarka da fitarka ta yi lissafin da kanta, ba ruwanta da furfurarka ko murmushinka. Kuma duk ƙasashen suna ganin bayanin, ba za ka zarce a Sifaniya ka sulale ta Fotugal a ce ba a sani ba. Akwai kuma ETIAS da ke tafe, izinin tafiya ne da marasa buƙatar biza za su riƙa cikewa a intanet kan yuro 20, shi ma ba ya ƙara kwana ko ɗaya.

Duk da haka ka riƙa ajiye shaidar tafiyarka, katin shiga jirgi, tikitin jirgin ruwa, rasit ɗin wani abu da ka saya da kati a Ingila washegarin dawowarka. Na'ura ma tana kuskure, idan ba ta rubuta fitarka ba za ta nuna kamar kana ciki tun lokacin, kuma kai ne za ka kawo hujja.

Mataki na biyar, idan 90 ba ta ishe ka ba

Toh nan sai biza ta dogon zama, kuma daga ƙasar da kake zaune ake nemanta kafin ka tafi, ba wai ka shiga a matsayin ɗan yawon buɗe ido sannan ka fara neman gyara ba. Kowace ƙasa da nata tsarin.

Faransa ce ta fi sauƙi ga mai gidan hutu. Tana da bizar da ake kira VLS-T, ta ɗan dogon zama, yawancin masu gida ta wata shida suke karɓa. Za ka cike fom a shafin France-Visas, ka kama layin ganawa a cibiyar karɓar takardu, a Birtaniya akwai a Landan da Manchesta da Edinbura, ka kai shaidar kuɗin shiga ko ajiya, shaidar gidan, inshorar lafiya, da alkawari a rubuce cewa ba za ka yi aiki a can ba, kuɗin bizar yuro 99 ban da na cibiyar. Ba a nema sai ya rage wata uku ko ƙasa da haka ka tafi. Daɗinta shi ne kwanakin da ka yi a Faransa da ita ba sa taɓa 90 ɗinka, wahalarta kuma duk shekara sai ka sake bin layi daga farko. A ƙarshen 2023 majalisar Faransa ta saka wani sashe a dokar shige da fice da zai ba 'yan Birtaniya masu gida wannan damar kai tsaye, mutane har sun fara murna, sai Majalisar Tsarin Mulki ta soke shi a Janairun 2024. Har yau akwai masu yawo da tsohon labarin a WhatsApp, kar ka biye musu.

Sifaniya ba ta da irin wannan ta wata shidan, abin da ke akwai shi ne bizar zama ba tare da aiki ba, wadda masu ritaya suke nema. Ana so ka nuna kuɗin da ya kai ninki huɗu na wani ma'auni nasu da ake kira IPREM, a lissafin yuro 600 a wata ya kama yuro 2,400 a wata, wato 28,800 a shekara, da ƙari a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka, ga inshorar lafiya mai zaman kanta, ga takardar likita, ga takardar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, a buga mata hatimin tabbatarwa a kuma fassara ta wajen mai fassara da suka amince da shi. Amma ka gane wannan ƙaura ce ba hutu ba, ana ba ka shekara ɗaya ne da niyyar can ne gidanka na gaske. Ita kuwa bizar zinare da ake ba wanda ya sayi gidan yuro 500,000, Sifaniya ta rufe ta a 3 ga Afrilun 2025, Fotugal ma ta cire sayen gida daga nata tsarin tun Oktoban 2023. Idan dillali ya ce maka ka saya kawai takardar zama za ta biyo baya, ka ce ya nuna maka dokar a rubuce da kwanan wata, sannan ka kai wa lauyan da ba shi ya haɗa ku ba.

Kafin ka yi tsalle ka karɓi takardar zama ka zauna da mai ilimin haraji. A Sifaniya idan ka wuce kwana 183 a shekara ka zama mazaunin haraji, za su tambaye ka abin da kake samu a duk duniya, fanshonka na Ingila, hayar shagunanka na Kano, duka. Wani idan ya yi lissafi sai ya ga gara ya haƙura da 90 ɗinsa sau biyu a shekara, sauran ya raba tsakanin Ingila da gida Najeriya, wanda ni a ganina shi ya fi dacewa da yawancin mutanenmu, tunda dama lokacin hunturun Turai ne ake son zuwa gida bukukuwa.

Mataki na shida, idan ka maƙale ko ka riga ka zarce

Idan dalili ne na dole, rashin lafiya ya kwantar da kai a asibiti ko an soke jirage, kar ka jira kwanakin su ƙare, tun da saura ka je ofishin da ke kula da baƙi, a Sifaniya ofishin baƙi ko 'yan sandan ƙasa, a Faransa ofishin firfe, wato wakilin gwamnati, na yankin, ka nemi ƙarin lokaci da takardar likita ko saƙon kamfanin jirgi a hannu. Ba dole su ba ka ba, amma shaidar cewa ka nema kafin lokaci tana da nauyi. Gyaran kicin bai ƙare ba ko mai fenti ya yaudare ka, wannan ba uzuri ba ne a wajensu.

Idan kuma ka farga ka riga ka wuce, ka fita da wuri, kowace rana ƙara nauyi take. A boda ka faɗi gaskiya, kar ka ce ba ka san dokar ba kana ɗaga murya, kar kuma ka yi gigin miƙa wani abu a ƙarƙashin fasfo, wannan sai ya mayar da ƙaramar magana ta zama ta kotu. Duk takardar da aka ba ka ka karanta kafin ka sa hannu, ka karɓi kwafi, idan ba ka jin yaren ka nemi a fassara maka.

Hukuncin ya danganta da ƙasar da ka fita ta cikinta da yawan kwanakin. Wani gargaɗi kawai za a yi masa a rubuta a na'ura, wani tara. A dokar baƙi ta Sifaniya zaman da ba izini babban laifi ne da tararsa ke farawa daga yuro 501 zuwa 10,000, ko a kore ka a hana ka shiga har zuwa shekara biyar. A Jamus laifi ne da za a iya gurfanar da mutum a kansa. Kuma idan aka sa sunanka a rumbun bayanan Shengen cewa an hana ka shiga, ba ƙasa ɗaya ba ce, duka 29 ɗin ne. Ka yi tunanin mai gida a wannan halin, haraji na tafiya, kuɗin kula da bene na tafiya, inshora na tafiya, gida a kulle shekara biyu ko uku ba mai buɗe taga, wanda a Sifaniya ma ga fargabar masu fasa gidan da ba kowa su tare a ciki. Ko ba a hana ka shiga ba, duk fom ɗin biza da za ka cike nan gaba mai tambayar ko ka taɓa zarce wa'adi a wata ƙasa sai ka amsa, ƙarya a nan kuma ta fi laifin farko muni. Mu da muka san labarin masu zuwa Umara su ƙi dawowa ba sai an yi mana dogon bayani a kan yadda abin ke bin mutum ba.

Wannan lissafin ba na Turai kaɗai ba ne, ga masu gida a wasu wuraren a taƙaice. A Dubai tarar zarce wa'adi dirhami 50 ce a kowace rana. A Amurka abin da ke aiki shi ne ranar da aka rubuta maka a takardar I-94 lokacin shiga, ba ranar ƙarewar biza ba, wanda ya zarce da fiye da kwana 180 ya fita za a hana shi dawowa shekara 3, wanda ya kai shekara guda kuma shekara 10. Turkiyya ma 90 cikin 180 take yi wa baƙi da yawa, amma nata lissafin daban yake da na Shengen. Ɗan Najeriya mai gida a Akara ko Kumasi, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba shi ba biza, bayan nan sai ya nemi izinin zama a hukumar shige da ficen Gana, kuma dattawan zango ba su manta da 1969 ba lokacin da gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita, mutanen da suka yi shekaru da gidajensu da shagunansu suka bar su.

Sai wanda ya fi kusa da mu, masu gida a Kano ko Kaduna ko Abuja da 'ya'yansu ba su da koren fasfo sai na waje. Yaron da ya shiga Najeriya da fasfon Birtaniya da biza, a takarda baƙo ne ko da a ɗakin kakarsa yake kwana, kuma a 2025 gwamnati ta sanar da tarar dala 15 a kowace rana ga wanda ya zarce wa'adinsa. Idan za ku kai yara dogon hutu ko za a bar su wajen Hajiya su yi shekara suna islamiyya, a yi musu fasfon Najeriya tun kafin a tashi, a shiga da shi a fita da shi, a kuma duba ranar ƙarewarsa don kar ya mutu suna can.